Wai Kai Ne Ba Ka Da Kan Lissafi?

Matso kusa, ɗan'uwa. I, kai nake nufi, kada ka waiwaya, babu kowa a bayanka. Kai da aka raka tasha a Rogo da addu'a da ƙullin ƙuli-ƙuli, ka tafi jami'a karatun kimiyya, ka dawo hutu da kariyoba biyu kana bin lungu don kada 'yan majalisa su tambaye ka sakamako. Kai ma na Karaye da kake masa dariya, samu wuri ka zauna, ai a allo ɗaya aka liƙa lambobinku.

Labari ya iso mini cewa ka yanke wa kanka hukunci. Wai ba ka da kan lissafi. Wai Fiziks sai wanda aka haifa da ita. Wai Kemistiri ta masu ƙwaƙwalwa ce, kai kuwa ranar da aka yi rabo an aike ka gona. To, sannu da alƙalanci. Kai ne mai ƙara, kai ne wanda ake ƙara, kai ne alƙali, kuma ka hana ɗaukaka ƙara. Kafin kotu ta tashi ina da 'yar tambaya: wa ya auna kan? Da wane mudu? Nawa aka samu, nawa ya rage a cika?

Ka ce sakamako ne ya auna? Sakamako ya faɗi abin da ka rubuta wata Talata, cikin awa biyu, bayan ka kwana ba barci. Iyakar saninsa ke nan. Kai ne ka ɗora masa rawanin duba.

Bari in ba ka tarihinka, tunda ka manta. Tun kana aji uku na sakandare unguwa ta naɗa ka Likita. Kai ne na ɗaya, kai ke karanta wa tsofaffi takardar asibiti, kai ake nuna wa ƙanne in za a yi musu faɗa. Kullum maganar ɗaya ce: “Yaron nan akwai kai.” Ba wanda ya taɓa cewa “Yaron nan akwai naci,” alhali tocilan da ka cinye wa batir ita ta san gaskiya. Sai ka bi titin Gwarzo ka shiga sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ko ka zarce jami'ar Wudil, ko ka gangara ta Samaru, tunda ku mutanen Rogo Zariya ba ta yi muku nisa ba. Ka shiga ɗakin lakca ka tarar da ɗaruruwan mutane, kowa Likitan unguwarsu ne. Aka yi gwajin farko, ka ci takwas cikin talatin. Tunda da kai aka yabe ka, da kai ka fassara faɗuwar. Ka ce ashe dama babu.

Wannan ciwo sananne ne, har an gwada shi. A 1998 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, suka ba yara 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyi da ba su yi tsanani ba. Da aka gama, aka yabi wasu da basira, wasu kuma aka yabe su da aikin da suka yi. Sannan aka kawo masu wuya, kowa ya sha ƙasa. Da aka dawo kan irin na farko, waɗanda aka yaba da basira sai suka ja baya, waɗanda aka yaba da aiki suka ƙara gaba. Ga wurin da zai sosa maka: da aka ce su sanar da wasu yara makin da suka ci, kusan kashi 40 cikin 100 na 'yan basirar nan ƙarya suka shara, suka ƙara wa kansu maki. Kai fa, nawa ka ce wa Baba ka ci? Bar shi, kada ka amsa, muna cikin mutane.

Dweck ta koma Jami'ar Stanford, ta tattara bincikenta a littafi a 2006. Abin da take cewa ba shi da tsawo. Akwai ɗalibin da ya ɗauka basira rabo ce da aka gama yankawa, saboda haka kowace jarrabawa a wurinsa tonon asiri ce. Yana gudun tambaya mai wuya, yana naɗe takardarsa, ba ya ɗaga hannu a aji don kada a gane. Akwai kuma wanda ya ɗauka iyawa tana ƙaruwa da aiki da gyara, shi in ya faɗi sai ya duba inda ya zame. Ka san layin da kake, ba sai na nuna ka da yatsa ba.

Ka ce wannan surutun Turawa ne, su da suke da wuta da madara? Haba! Yanzu ka ɓata mini rai. Mu za a koya wa wannan daga Amurka? Gaya mini tsangayar da aka taɓa haifar gwani a duk ƙasar Karaye da Rogo. Kolo ake farawa, da kuka da majina. A zama titibiri, a zama gardi, a bi mataki-mataki har alaramma, mai naci ya kai gwani. Ka taɓa jin kolo ya durƙusa gaban malam ya ce, “Allah gafarta malam, ni ba ni da kan hadda, a sallame ni”? Abin da zai ji shi ne, “Koma ka sake biyawa.” Kuma dubi yadda gardi yake aikinsa. Ba ya zama ya zura wa takarda ido har ta gaji da shi. Rufewa yake yi, ya ɗauki alƙalami da tawada ya yi satu da ka, ya kai allon wurin darasu, a zauna a tsefe shi wasali-wasali. Inda ya yi kure a nuna masa a gaban kowa, ya je ya wanke ya sake. Ga tilawa da asuba, ga tishi don kada na baya ya zube. A wurin nan ba wanda ya ɗauki gyara zagi. Wanda aka fi yi wa gyara bana, baɗi shi ke duba allon wasu.

Kai ma ka bi ta nan, ko ta Islamiyya. Izu nawa ke kanka? Ka riƙe nassi da Larabci, harshen da ba da shi aka yi maka goyo ba, ba ka zubar da wasali ba, amma jadawalin sinadarai mai gida 118 shi ne ya fi ƙarfin kanka? Kada ka yi saurin cafke ni, na san kimiyya ba hadda ba ce, sai an gane dalilin kowane mataki. Tsarin aikin nake nuna maka: rufe littafi, fito da abin daga kanka, kai wa wanda zai gyara, sake. Shi ka bari a zauren malam ka tafi jami'a hannu rabbana.

In kuma lissafin ne kake ganin ba gadonmu ba ne, to ka nemi labarin Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Bakatsine ne, ya tafi Hajji, ya zauna a Masar. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake gina hatimin lambobi, irin wanda kowane layi, a tsaye da kwance da karkace, zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. A cikin littafin har ya ja kunnen ɗalibi kada ya jefar da aiki don ya yi masa wuya, ya ce yin hakan jahilci ne. Kusan shekara ɗari uku ke nan, ba kalkuleta, ba intanet, ba handawut. Ka ga ashe tun kafin Stanford ta san da zancen, Katsina ta riga ta yi maka faɗa.

Sai ka gyara zama, ka sauke murya, ka ce, “To ai komai ƙaddara ce.” Na'am, mun yi imani. Amma ina ka ajiye wannan wa'azin lokacin da JAMB ta hana ka maki a karon farko? Ka sake sayen fom, ka shiga darasin yamma, ka koyi danna kwamfuta, ka yi sammako zuwa cibiyar jarrabawa tun kafin a kira assalatu. A lokacin nan sababi ka riƙe da hannu biyu. Sai da aka zo Lissafin aji ɗaya ka zama waliyyi. Malaman da suka karantar da mu babin ƙaddara, su suka karantar da mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Naka raƙumin yana can yana kiwo a TikTok, igiyar tana hannunka, kana cewa Allah ya tsare.

Ka ce ita ƙwaƙwalwar danƙo ce da za ta miƙe? Kusan haka. A Landan ba a ba mutum lasisin baƙar tasi sai ya riƙe titunan tsakiyar birnin da ka, wajen 25,000, aikin shekara uku zuwa huɗu. Eleanor Maguire ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin, ta bayyana a 2000 cewa bayan sashen da ke riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma. Masu gardama irinka suka ce ai dama masu babban sashe ne ke shiga sana'ar. Sai ita da Katherine Woollett suka bi masu koyo 79 tun daga farko. A 2011 suka kawo sakamako: a farawa babu bambanci, amma 39 da suka jure suka ci jarrabawar, sashen nasu ya ƙaru. Manya ne fa, masu gemu, ba yaran goye ba. Kai da ba ka rufa ashirin da biyar ba ka ce naka ya daskare.

Yanzu ka fusata. Ka ce, “Malam, kada ka raina ni, ni fa ina karatu. TDB nake yi, karatu har gari ya waye!” Na sani, na gan ka. Sati biyu kafin jarrabawa ka ɗauki bargo da goro da handawut ka tare a aji, kwana kake yi ido biyu, sauro na shan rabonsa. Ka karanta shafi sau biyar, ka ja layi da jan biro, har takardar ta zama kamar an yanka kaza a kanta. Ka duba misalin da malam ya warware, ka gyaɗa kai, ka ce na gane. Me ka gane? Ka gane cewa malam ya iya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kai kuwa a cikin mota kake neman wuƙa.

Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa abin da aka cusa a zama ɗaya yana zubewa da sauri, wanda aka rarraba kan kwanaki yana zama. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka gwada ɗaliban jami'a a Amurka. Wasu suka karanta rubutu zama huɗu. Wasu suka karanta zama ɗaya, sauran ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, har suna jin kansu. Bayan mako ɗaya suka tuna kashi 40, masu rubutowa da ka suka tuna kashi 61. Satu ke nan, ɗan'uwa, sai dai an sa masa kwat. Maimaita karatu yana da daɗi saboda ba ya kunyata ka. Rufe littafi ka warware tambaya da kanka yana da ɗaci, domin nan take yake nuna maka ramin. Gara ka gan shi a ɗakinka da ka gan shi a zauren jarrabawa.

Akwai wata ɗabi'a taka da ta fi ba ni haushi, karatun kaɗaici. Ka saba kai ne ake tambaya, yanzu kana jin nauyin ka tambaya. Uri Treisman ya ga irin wannan a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley a tsakiyar shekarun 1970. Ɗalibai baƙaƙen fata da suka zo da sakamako mai kyau daga sakandare suna ta faɗuwa a lissafin aji ɗaya, ɗalibai 'yan asalin Sin suna wucewa. Malamai suka yi ta kawo dalilai, wannan ya ce talauci, wancan ya ce rashin himma. Shi kuwa ya bi ɗalibai ashirin-ashirin har ɗakunansu ya ga yadda suke karatu. Na farkon suna aiki tuƙuru, amma kowa shi kaɗai, ƙofa a rufe. Na biyun sukan yi nasu su kaɗai, da yamma kuma su haɗu, su ci abinci tare, su baje aikin gida, wannan ya kama kuren wancan. Da ya kafa zaman warware tambayoyi masu wuya cikin rukuni, faɗuwar ta ragu ƙwarai. Ku kuwa kuna da ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukuma, da shugaba da ma'aji da mai tsawatarwa. An yi taron karɓar sababbin ɗalibai, an sha lemo, an ba ɗan siyasa lambar yabo. Tutoriyal fa? Sai an samu kuɗin alli.

Ka ce Turanci ne ke kayar da kai? Yawwa, yau ka faɗi gaskiya, kuma ka ga ba kai ba ne, harshe ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga makarantun karkara tambayar ce ba su gane ba, ba amsar ba. Harshe kuwa koyonsa ake yi, ba a gadonsa a jini. Ajiye ƙaramin littafi, duk kalmar da ta tare maka hanya ka rubuta ta ka nemo ta. Sannan ka gwada wannan: kama abokinka ka bayyana masa dokar Newton ta biyu da Hausa tsantsa, da misalin amalanke da buhunan masara. In ka iya, ka gane. In ka tsaya kana “wato, yu no,” to haddar jimla ka yi.

Na ga ka ajiye babbar hujjarka sai yanzu. Babu wuta. Ɗakin gwaji mutum goma kan madubin ƙwayoyin cuta ɗaya. Yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kuɗin rajista ya tashi, kuɗin mota ya tashi, wani lokaci sau ɗaya kake cin abinci. A nan ba zan yi maka zolaya ba. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce maka kyakkyawan zato kaɗai zai kunna janareta, mayaudari ne. Hakkin gwamnati yana kanta, a ci gaba da nema da babbar murya. Sai dai ka lura, wanda ya fi kowa ci a ajinku ma a duhun nan yake kwana.

Ke kuma 'yar'uwa da kike laɓe a gefe kina cewa ke mace ce, shekaru sun tafi, ga aure ga goyo, fito fili. Kin san Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id? A Wangara aka haife ta, cikin ƙaramar hukumar Gezawa. Ta gama sakandare aka yi mata aure, ta yi 'ya'ya, sai tana da shekara 29 ta shiga Jami'ar Bayero. Kuma Fiziks ta ɗauka, wadda ake tsorata ku da ita. Ta ci gaba har digirin digirgir, tana binciken sararin samaniya da yanayi. A 2015 ta karɓi kyautar Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin mata 100 na duniya. A lokacin ta shaida wa 'yan jarida cewa wutar awa huɗu take samu a rana a wurin aikinta. Ke kina da 22, kin ce lokaci ya ƙure. Wane agogo kike dubawa?

Jiharmu ma ta taɓa yin wannan gardamar da kanta. A tsakiyar shekarun 1970 Kano ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, kuma ba a rasa masu cewa yaranmu ba su da kan kimiyya ba. A 1977, zamanin Kanal Sani Bello, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Aka zaɓo yara daga sakandaren jiha, aka ba su malamai da kayan gwaji da lokaci. Je ka asibitocin Kano da jami'o'inta ka tambayi manyan likitoci da furofesoshi inda suka yi sakandare, ka ji sau nawa za a ce maka Dawaki. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan waɗannan makarantu ya yi digirinsa na uku a Ingila. Za ka ce ai zaɓo su aka yi. Ƙwarai. Kai kuma da ka tsallake WAEC da JAMB da tantancewar jami'a, tsinto ka aka yi a bakin hanya?

To ga wani can a kujerar baya, mai tabarau, ya ɗan leƙa intanet. Ya ce, “Malam, an ce binciken Dweck ɗin ma tasirinsa kaɗan ne.” Madalla, ga ɗan kimiyya ya fara fitowa. Haka ne. A 2018 Victoria Sisk da abokan aikinta suka tattara nazarce-nazarce masu yawa, suka ce in an haɗa duka tasirin ƙanƙane ne, ya fi bayyana ga ɗalibai masu rauni da 'ya'yan talakawa. A 2019 David Yeager da tawagarsa suka gwada ɗalibai sama da 12,000 a makarantun sakandare 65 na Amurka, da darasin da bai kai awa ɗaya ba. Masu rauni suka ƙaru da 0.10 a matsakaicin maki. Ba yawa. Amma kai da ka san abin da ke tsakanin 3.45 da 3.50, ka fi kowa sanin ko 0.10 abin wasa ne. Ita Dweck da kanta ta fito a 2015 ta gargaɗi masu ɗaukar zancenta kamar laya, ta ce ƙoƙari ba tare da canza dabara da neman taimako ba, wahala ce kawai. Saboda haka in wani mai kwat ya tara ku a zaure, ya karɓi kuɗin shiga, ya ce ku rufe ido ku ce “zan iya” sau goma, nemi canjinka. Faɗin “zan iya” bai taɓa daidaita lissafin sinadari ba.

Allah gafarta malam, na ga kana murmushi a ofis, kana jin daɗi ana wanke ɗalibai. Kai ma miƙo allonka. Kai ne ka shiga aji ranar farko ka ce, “A ta Allah ce, B tawa ce, ku raba sauran.” Kai ne ka ce su dubi na dama da na hagu, baɗi ɗaya ba ya nan. Kana ganin tauna tsakuwa ce don aya ta ji tsoro. To an auna wannan ma. A 2019 Elizabeth Canning da Mary Murphy da abokan aikinsu suka duba malaman kimiyya 150 da ɗalibai sama da 15,000 a wata jami'ar Amurka. A azuzuwan malaman da suka ɗauka basira ba ta ƙaruwa, ɗalibai sun fi cin maki kaɗan, kuma tazarar da ke tsakanin ɗalibai 'yan ƙabilu marasa rinjaye da sauran ta ninka. A 2014 Scott Freeman da tawagarsa suka haɗa nazari 225: inda malam ke zuba lakca shi kaɗai, kusan 34 cikin 100 ke faɗuwa, inda ake tsayawa ɗalibai su warware tambaya su yi musu a aji, kusan 22. Ban ce ka raba maki sadaka ba. Mayar musu da takardar gwaji da jan biro a jiki, su ga inda suka yi kure. Alaramma bai taɓa karɓar allo ya kulle a durowa ya ce a dawo ƙarshen zango a ji sakamako ba.

Mu dawo kanka, kada ka ɗauka na manta. Aji huɗu na tafe, da furojek. Na san shirinka: a je shagon kwamfuta, a ciro na wani da aka yi a wata jiha, a canza sunan gari da shekara, a buga bango mai kyau. Kai da ka fito daga ƙasar da tambayoyi ke kwance a bakin hanya! Madatsar ruwa ta Challawa tana cikin ƙaramar hukumar Karaye, an gama ta a 1992, tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita takwas, tana ɗaukar ruwa wajen kubik mita miliyan 900. Laka nawa ke taruwa a cikinta duk damina? Takin zamani da maganin feshin da ake zubawa a gonakin gefenta, nawa ke gangarawa cikin ruwan da ake kama kifi? Dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, a wace gaɓa ya fi yawa, a wane wata? Ƙudujin da ke shanye dawa da masara, wane iri ne ya fi jure masa a ƙasarku? Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Najeriya a 2016, yaushe take fara ɓarna a gonakin Rogo? Masu dafa mazarƙwaila, itace nawa suke ƙonawa kafin ruwan rake ya kama, kuma wane irin murhu zai rage shi? Kowace ɗaya furojek ce, wasu ma digiri na biyu ne.

Ka ce ba kayan aiki? Wasu daga ciki kwalba suke so, da ma'auni, da littafin rubutu, da mutumin da zai koma wuri ɗaya duk mako ba fashi. Abin da ya fi ƙarfin sashenku, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero, akwai ofishin IITA mai binciken noma a Kano. Ka taɓa rubuta musu? Ka taɓa zuwa ka yi sallama? Ba ka je ba, amma ka riga ka san za su kore ka. Duban nan naka dai, da a jarrabawa yake aiki da tuni ka fita da daraja ta ɗaya.

Ranar Litinin ciro takardar gwajin nan da ka tura ƙarƙashin katifa. Zagaye tambaya ɗaya da ta kayar da kai, ka sake gwada ta littafi a rufe, ka kai wa malamin da aikinka a hannu. In ya ce ba shi da lokaci, nemi ɗan aji huɗu. In shi ma ya noƙe, tara mutum uku daga motar Karaye ku zauna a kanta har ta faɗi. In kuma har yanzu kana da ja, rubuto mini, amma ka haɗo da lissafinka layi-layi, don in ga inda ka yi kure.